Abin da Birni Ya Zubar

Tun kafin asuba nake sanin Kolkata ta farka.
Ba ganinta nake ba, magudana ce ke kawo labari:
ruwan wanki, ruwan shinkafa,
da abin da aka yi a bayan gida aka kora aka manta,
duk ya gangaro gabas, baƙi ƙirin, ya nufo mu.

Ubana Haripada ya bar mini tafki uku da ƙofar gora.
Ya ce, Nitai, kada ka buɗe da haɗama.
Yatsa huɗu ka ɗaga, ka saki, ka rufe,
sauran aikin na rana ne.
Bai san biro ba. Hancinsa ne sikeli.
Yakan tsuguna ya shinshina, ya ce jiya birni ya ci nama,
ko ya ce yau akwai baƙon da ban yarda da shi ba.

Haka nake yi har yau.
Ruwa ya shigo baƙi, ya koma toka-toka,
a yi mako uku sai ga shi kore shar.
Gansakuka ta ci ƙazanta, kifi ya ci gansakuka,
kainuwa na bakin gaɓa tana tsotse ragowa.
Da sassafe masu keke su ɗaure tukwane a baya,
suna kaɗa ruwan da hannu kada kifi ya suma,
su mayar wa birni kayansa, da ƙaya da tsoka.
Matar nan ta kasuwa tana toshe hanci in na gifta.
Ba komai. Kifina na cikin jakarta.

Daga bakin tafki ana hango Dhapa,
dutsen da ba Mahalicci ya kafa ba, mu muka tara.
Ƙanwata Shefali na hawansa da ƙugiya da buhu,
roba gefe, gwangwani gefe, har gashin kai yana da farashi.
Ran nan allura ta huda mata takalmi,
allurar asibiti da wani ya ji ƙyuyar kaiwa maƙona.
Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba.
Shirwa na shawagi a sama,
hayaƙi na fita ta ƙasa, ba wanda ya ƙyasta ashana.

Bara, daren wata Laraba,
tanka ta tsaya a gada, fitilu a kashe.
Na ji kwararar ruwa. Na gyara kwanciya.
Wannan laifin nawa ne.
Gari ya waye ruwa ya yi shuɗi, shuɗin majema,
kifi duk sun juyo ciki sama,
fari fat, kamar an watsa faranta.
Hankaka ya sauko, ya duba, ya tashi abinsa.

Mu goma sha bakwai muka kwashe,
muka binne da farar ƙasa,
muka yashe tafki har gindi, muka bar rana ta gasa shi.
Mun kai takarda ofis, an buga hatimi, an ce mu dawo.
Wanda ruwa ya ci ba ya jiran hatimi.
Yanzu bi-da-bi muke kwana a gada,
mutum biyu, tocila ɗaya, da usur,
da littafin da 'yata Tumpa ke rubuta lambar mota.

Wani mai gine-gine ya zo da taswira.
Ya ce, me za ka yi da ruwan kashi? Faɗi kuɗinka.
Na ce, in ka cike shi da ƙasa,
ina za ka kai naka gobe da safe?
Ya yi dariya, ya bar katinsa.
Yana nan soke a rufin ɗaki. Ban yar ba.
Kuɗin makaranta ba ya jin wari.

Yau na ɗaga ƙofar, yatsa huɗu.
Na tsuguna, gwiwa na ƙara kamar tasa.
Tumpa ta ce, Baba, me ka ji?
Na ce albasa, sabulu, da ɗan zazzaɓi.
Lafiya lau suke.
Bar shi ya shigo.